Shekara 14 ina ba da zakka, cittata ta ruɓe: ta yaya Allah yake sa wa mutum albarka?

Manomin Citta ya rubuta:

Salama gare ku 'yan'uwa. Na daɗe ina karanta hirarku ban taɓa cewa uffan ba, amma yau abin ya ishe ni, gara in amayar da shi.

Ni manomin citta ne a wani ƙauye a ƙasar Kachia. Shekarata 46, ina da mata da 'ya'ya biyar. Ba yabon kai ba, amma shekara 14 ke nan ban taɓa sayar da buhu goma ban ware kuɗin ɗaya na kai coci ba. Ma'ajinmu shaida ne, littafin yana hannunsa.

A 2023 na buɗe ciki fiye da kullum. Na ci bashi, na sayar da bijimin da nake kiwo, na ƙara hayar gona. Muka shuka a Afrilu, muka rufe da ciyawa. Ƙarshen Mayu aka cire tallafin man fetur, kuɗin taki da na mota da na 'yan ƙwadago suka yi tashin gwauron zabi, na cije na daure. Citta ta fito gwanin kyau, har masu wucewa suna tsayawa su yi mini barka. Damina na tsakiya sai ganye ya fara yin rawaya kamar an watsa masa ruwan zafi. In ka tona ka tarar ta yi laushi tana wari. Cikin 'yan makonni gonar ta kwanta. Na san ba ni kaɗai ba ne, Kachia da Jaba da Kagarko duk cutar ta bi ta kansu, amma kowa ciwonsa ya sani.

Ga abin da ya fi cin raina. Maƙwabcina na gona ba ya taka ƙofar coci sai Kirsimati ko jana'iza. Ranar Lahadi gidan burkutu ne majami'arsa. A shekarar bai shuka citta ba, masara da waken suya ya yi, kuma yana da busasshiyar citta ta bara a ɗaki. Da farashi ya haura ya kai kasuwa, ya dawo da sabon babur, ya yi wa gidansa rufin kwano.

Ana cikin haka wani baƙon mai wa'azi ya zo taron farkawa a garin da ke kusa da mu. Ya ce duk wanda ya "shuka iri", wato ya ba shi baikon naira 20,000, zai ga buɗi kafin kwana 40. Matata ta hana ni, na ƙi ji. Akuyarta na sayar na kai. Kwana 40 suka zo suka wuce, mai bashi ne kaɗai ya ƙwanƙwasa mana ƙofa. Babbar 'yata da ke karatu a Kafanchan sai da ta zauna gida shekara guda.

Ranar godiyar kaka, ni da na saba zuwa da buhu a bayan babur, mudu uku na wake na kawo a leda. A bencin baya na zauna, ban jira an gama sujada ba na sulale. Har yau ban gama farfaɗowa ba.

To ku gaya mini. Malakai 3:10 ya ce mu kawo zakka mu gwada Allah mu gani ko ba zai buɗe tagogin sama ba. Aya ta 11 ma ta ce zai tsauta wa mai cinye amfanin gona. Ni na kawo, mai cinyewa kuma ya cinye. Ta wace hanya Allah yake sa albarka, kuma don me yake sa ta? Ko akwai zunubin da na yi ban sani ba? Don Allah kada wanda ya ce mini "ka yi haƙuri" kawai, na sha wannan har na ƙoshi.

Tsohon Mai Bishara ya amsa:

Ɗana, sannu. Ba zan ce maka ka yi haƙuri ba. Na yi shekara 30 da ɗoriya ina aikin bishara a ƙauyuka, albashina wani lokaci dawa ce a kwarya, don haka na san bencin bayan nan da ka zauna a kai.

Ka buɗe Malakai 3 ɗin nan, amma kada ka tsaya a aya ta 11, ka gangara zuwa 14 da 15. Za ka tarar da mutane suna cewa bauta wa Allah aikin banza ne, wace riba muka ci, ga masu girman kai su ne masu albarka, masu mugunta sai ci gaba suke yi. Maganarka ke nan, kusan kalma da kalma, a surar da ake karanta mana kullum kafin a zagaya da kwandon baiko. Ban taɓa jin mai wa'azin taron farkawa ya kai can ba. Kuma ka dubi amsar da aka ba su. Ba a ce musu baɗi gonarku za ta ninka ba. An ce Ubangiji ya kasa kunne ya ji, an rubuta littafin tunawa a gabansa, kuma akwai ranar da za a ga bambanci tsakanin mai bauta masa da wanda ba ya yi. Ranar tana nan tafe, amma ba a ce ranar kasuwar Kachia ce ba.

Sannan ka lura da wanda ake yi wa magana. Aya ta 9 ta ce al'umma ce gaba ɗaya, Isra'ilawa bayan sun komo daga bauta, ƙarƙashin alkawarin Musa, inda aka ɗaure ruwan sama da amfanin ƙasar da biyayyar jama'a. Nehemiya 13:10 ya nuna mana irin halin da ake ciki a zamanin, Lawiyawa sun bar Haikali sun koma gonakinsu don ba a ba su rabonsu. Wato rumbun da Malakai yake cewa a cika, rumbun abinci ne na gaske. Maimaitawar Shari'a 14:28-29 ta faɗi masu ci daga zakkar shekara ta uku: Balawe, baƙo, maraya, gwauruwa. Riƙe wannan, zan dawo kansa.

Zancen zunubi kuwa, abokan Ayuba sun riga ka. Su ma cewa suka yi ruwa ba ya tsami banza. Sura bayan sura suna matsa masa ya tono laifin da bai yi ba, kuma in ka karanta maganarsu za ka ce wa'azi ne mai kyau. A Ayuba 42:7 Allah ya ce da Elifaz, ɗaya daga cikin abokan, ransa ya ɓaci da su, don ba su faɗi gaskiya a kansa ba. Almajirai ma sun tambayi Yesu a kan wanda aka haifa makaho, shi ne ya yi zunubi ko iyayensa, ya ce ba ko ɗaya (Yohanna 9:3). Ban ce ba ka da zunubi ba, dukanmu muna da shi. Cewa nake cutar da ta bi ƙananan hukumomi uku ba ta tsaya ta duba littafin ma'ajinku ba.

Yanzu ga ainihin tambayarka. Ni Hausa ce ta taimake ni na gane. Kalmar albarka daga Larabci muka aro ta, tushenta ɗaya da kalmar Ibrananci da ke cikin Tsohon Alkawari. Amma ka ji yadda kakanninmu suka sarrafa ta: albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Ba don ƙadangare aka zuba ruwan ba, bai sayi kaskon ba, bai yi ƙwai ko ɗaya ba, amma ya sha ya ƙoshi. Afisawa 1:3 ke nan. Allah ya sa mana kowace albarka ta ruhu cikin Almasihu, wato albarkacinsa. Kuma ya riga ya sa, ba cewa aka yi zai sa in mun biya ba. Ka bi ayoyin har zuwa 14 ka ƙirga: ya zaɓe mu, ya mai da mu 'ya'ya, ya fanshe mu, ya gafarta mana, ya hatimce mu da Ruhu Mai Tsarki. Manzo Bulus da ya rubuta wannan ɗaurarre ne, a 6:20 da bakinsa ya ce yana cikin sarƙa. Ba shi da gonar citta balle rufin kwano, amma jimlar yabo ɗaya ya ja tsawon ayoyi goma sha biyu bai numfasa ba.

Na san za ka ce, Baba, gafarar zunubi ba ta biyan kuɗin makaranta. Gaskiya ne, ba ta biya. Abinci da sutura da ruwan sama su ma kyautar Allah ce, an kuma umarce mu mu roƙa. Sai dai waɗannan yana raba su ga kowa. Matiyu 5:45 ya ce yana fito da ranarsa a kan mugu da nagari, yana sauko da ruwa a kan mai adalci da marar adalci. Masarar maƙwabcinka ta sha daga nan. Idan babur ne ma'aunin yardar Allah, to Fir'auna ya fi Musa, Hirudus ya fi Yohanna Mai Baftisma. Asaf ya kusa faɗuwa a kan wannan lissafi a Zabura 73, har ya ce a banza ya tsarkake zuciyarsa. Karanta ta da daddare, kai kaɗai.

Baƙon mai wa'azinka kuwa, ka san in ka taya kaya a kasuwa tayin bai kai ba, me mai kaya yake cewa? "Albarka." Wato ban sallama ba. Siman mai sihiri ya taya baiwar Allah da kuɗi a Ayyukan Manzanni 8, amsar da Bitrus ya ba shi ta fi wannan zafi nesa ba kusa ba. Wanda ya yanka wa albarka farashi har da wa'adin kwana 40, ɗan kasuwa ne, kuma kayan da yake sayarwa ba nasa ba ne.

Na ce zan dawo kan rumbu. Shekara 14 kana zubawa. A shekarar da gonarka ta kwanta, dattawan ikilisiyarku sun aiko maka ko da tiya ɗaya ta masara? In ba su aiko ba, su ya kamata a karanta wa Malakai, ba kai ba. In kuma kai ne ka ɓoye halinka don kunya, wannan tsakaninka da Allah.

Ɗan Sabon Tasha ya amsa:

Baba, na gaishe ka, kuma na yarda mai wa'azin nan damfara ya yi. Amma ka yi mini afuwa, akwai abin da ba zan haɗiye ba. Irin wannan koyarwa da muka tashi da ita, ta albarkar ruhu kaɗai, ita ta sa muka mai da talauci kamar ibada. Na ga fasto ya yi ritaya ba shi da ɗakin kansa, sai a ce ladansa na sama. Farawa 13:2 ta ce Ibrahim mai arziki ne ƙwarai, da dabbobi da azurfa da zinariya. Maimaitawar Shari'a 8:18 ta ce Allah ne yake ba da ikon samun dukiya. Ayuban da ka ambata, da tumaki 7,000 ya fara, da 14,000 ya ƙare. Me ya sa kullum a kan toka muke barinsa?

Yaya Manomi, ga nawa ganin. Allah yana sa albarka a kan aikin hannu, amma sau da yawa ta ƙofar hikima take shigowa. Maƙwabcin nan naka, duk da burkutunsa, aikin Yusufu ya yi ko da bai san labarin Yusufu ba: ya ajiye na shekarar ƙoshi ya ci a shekarar yunwa. Kai kuwa ka tattara bijimi da bashi da haya ka zuba a amfani guda. Mai-Wa'azi 11:2 ya ce ka raba kashi bakwai har takwas, don ba ka san masifar da za ta auko wa ƙasa ba. Ba gori nake maka ba, ni ma na yi irinta. Na zuba jarina duka a kayan waya, aka fasa shagon dare ɗaya aka kwashe. Wata shida ina kwanan addu'a ina jiran abin al'ajabi. Abin al'ajabin da ya zo shi ne wani dattijo a cocinmu mai walda, ya ce in zo in riƙa riƙe masa ƙarfe. Na ji haushi sosai, ni mai difloma. Yau ina da yara uku da nake koya wa, ina yin ƙofofi da tagogi. Ka ga tagogin sama ba su buɗe yadda na zata ba, na ƙarfe aka ba ni in ƙera.

Kada ka daina roƙon Allah buɗi, kuma kada ka ji kunyar roƙon. Uba ne. Ɗa ba ya jin kunyar cewa yana jin yunwa.

Mama daga Michika ta amsa:

Ɗana Manomi, jikata ce take rubuta mini, ni idona ya yi rauni. Baba ya yi maka bayani, saurayin nan ma bai yi ƙarya ba. Ni ban yi makarantar Littafi ba, abin da na gani zan faɗa.

Ni 'yar EYN ce, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, cocin da aka fara a gindin tsamiya a Garkida a 1923. A cocin nan aka haife ni, a nan na yi aure, shekara da shekaru ina Zumuntar Mata. Muna da shagon hatsi, muna da gida mai ɗaki shida. Ranar wata Lahadi a Satumban 2014 masu tada ƙayar baya suka shigo Michika. Da zanen da ke jikina na hau dutse. Maigidana ya ce mu yi gaba zai biyo mu, har yau ban ga kabarinsa ba. Muka gangara Mubi, ba mu gama hutawa ba, ƙarshen Oktoba Mubi ma ta faɗi, har hedkwatar cocinmu a Kwarhi aka watse, shugabanninmu suka koma Jos. Yanzu ka gaya mini, duk mutanen nan ba mai ba da zakka a cikinsu?

A Yola, a harabar cocin Katolika na Santa Teresa muka sami abinci. Ni da aka rene ni ana cewa 'yan Katolika ba su gane hanya ba, a layinsu na tsaya da kwanona. Daga nan wata mata da ban taɓa gani ba, mai sayar da ƙosai, ta ɗauke ni da jikokina biyu ta sa mu a ɗakinta. Ita da 'ya'yanta suka matsa. Bayan wata huɗu wani iyali suka karɓe mu, bayansu wasu. Na zauna na ƙirga wata rana, gida bakwai na kwana a cikin shekara biyu, ba wanda ya karɓi sisina.

Wani fasto ya karanta mana Markus 10:29-30 a lokacin, inda Yesu ya ce wanda ya bar gida ko 'yan'uwa ko gonaki saboda shi zai sami ninki ɗari tun a wannan zamani, gidaje da 'yan'uwa da uwaye da 'ya'ya, tare da tsanani. Da can ina jin ayar nan ina zaton gidaje ɗari za a rubuta da sunana, kuma kunnena yana tsallake "tare da tsanani". Ashe gidajen na mutane ne, ƙofofinsu ne za su buɗe mini. Ban ce wannan ya biya ni maigidana ba. Bai biya ba. Ɗan'uwa ya ce an ninka wa Ayuba tumaki, haka ne, amma 'ya'ya goma ya binne, kuma duk uwar da ta binne ɗa ta san sabon haihuwa ba ya goge na farko.

Ka tambaya don me Allah yake sa albarka. Abin da ya gaya wa Ibrahim a Farawa 12 shi na gani da idona: zan sa maka albarka, ka zama albarka. Mai ƙosan nan, ribarta ta yini ba ta kai kuɗin mudun shinkafa ba, amma ta ci da mutum takwas. Mu Hausa muna cewa abinci ya yi albarka, ba don ya yi yawa ba, don ya isa har ya ragu. Na san masu buhu ɗari da abincinsu bai taɓa yin albarka ba.

Abu ɗaya zan yi maka faɗa a kai. Me ya kai ka bencin baya? Mudu ukun nan ka kai su gaba da hannu biyu. Yesu da ya zauna yana kallon masu zuba baiko a Haikali, anini biyu na gwauruwa ya yaba. Sannan ka sayo wa matarka akuyarta.

Malamar Gona ta amsa:

Ni kaɗan zan ƙara ta ɓangaren aikina. Abin da ya kashe cittar 2023 cuta ce da ke zama a cikin ƙasa da jikin iri, tana kuma yaɗuwa sosai inda ruwa yake kwanciya. Iri yana yawo daga hannu zuwa hannu, daga kasuwa zuwa gona, shi ya sa ta game yanki guda cikin damina ɗaya. Na shiga gonar fasto, na shiga ta liman, na shiga ta mai maganin gargajiya, warin ɗaya ne. Kada ka mai da citta gonar da ta ruɓe nan kusa, ka hutar da ita da hatsi na wasu shekaru. In za ka sake, ka nemi iri daga inda cutar ba ta taɓa ba, ka ɗaga kunya, ka yi wa ruwa hanya, kuma ka fara da kaɗan. Habakuk 3:17-18 addu'ar manomi ce da gonarsa ba ta ba da komai ba, ni ita nake karanta wa manoman da suka yarda in karanta musu.

Manomin Citta ya sake rubutawa:

Na gode muku duka. Kwana uku ina karantawa ina ajiye waya.

Baba, ka tambaya ko dattawa sun aiko. Gaskiya sun zo. Mutum biyu suka zo da yamma, na tare su a ƙofar gida da fara'a na ce lafiya lau muke, Allah ya rufa asiri. A daren nan kunu muka sha muka kwanta. Ni da ake kiran sunana a gaba in an zo ginin coci, ban iya buɗe baki in ce a taimake ni ba.

Akwai kuma abin da ban faɗa ba tun farko. A 2019 shagon ƙanena ya ƙone. Ya zo wurina neman jari, a shekarar kuwa citta ta yi mini kyau. Na ba shi ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, na bi shi da wa'azi. Na ce ya binciki kansa, yaushe rabonsa da ba da zakka, Allah ba ya barin nasa su ji kunya. Malakai 3:11 ɗin nan da na kawo muku, ita na karanta masa a tsakar gidana, gaban matarsa. Bai ce komai ba, ya tashi ya tafi. Tun daga nan gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Da na karanta sunan Elifaz a amsar Baba sai da na fita waje na sha iska. Shekarun da gona take cika ban taɓa tambayar don me Allah ya ba ni ba, don a zuciyata na ɗauka na san dalili: na biya.

Ɗan Sabon Tasha, maganarka ta yi mini zafi amma ban sami inda zan kama ta ba. Matata ta faɗi irinta tun kafin mu shuka, ta ce mu bar rabin gonar ga masara.

Ba zan yi muku ƙarya in ce zuciyata ta kwanta ba. Har yanzu in babur ɗin nan ya wuce ta ƙofata ina jin wani abu. Kuma har yanzu ban gane abin da ya sa aka amsa wa wasu da walda, aka bar Mama ba ta ga ko kabari ba. Baba, in kana da abin faɗa a kan wannan ina saurare.

Mama, akuya ta yi tsada yanzu, amma na yi magana da wani mai 'yar burguma, zai bar mini in biya sau biyu. Ban gaya wa matata ba tukuna. Ƙanena yana Kafanchan, Asabar zan shiga mota in je. Ban san da me zan fara ba in ya buɗe ƙofa.

Malama, gonar da ta ruɓe ɗin tana gangare, ruwa yana kwanciya a gindinta. Masara zan sa ko dawa?